Daga Shagari Zuwa Burmi: Yadda Za Mu Karantar Da Yaranmu Tarihin Zuwan Nasara



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, wannan rubutu na yi shi ne musamman domin 'yan'uwana malaman Islamiyya na ƙasar Tambuwal da Kebbe, ko da yake ina fata wanda ke wani gari ma zai sami abin ɗauka a ciki. Mas'alar da nake son mu tattauna ita ce ta tarihin yaƙin da kakanninmu suka yi da Turawan Ingila daga 1903 zuwa 1906, da yadda ya kamata mu isar da shi ga yaran da ke zaune a gabanmu. Ɗalibinmu yana iya lissafo maka yaƙin Badar da Uhudu da Handaƙ, alhamdu lillahi, kuma wanda ya yi nisa a boko ya haddace cewa Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Amma idan ka tambaye shi yaushe aka rasa 'yancin da aka ce an samo, a ina, a hannun wa, kuma wa ya mutu a kansa, sai ka ga ya yi shiru. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin idan malami bai cike shi da ilimi ba, wani zai zo ya cike shi da son zuciya.

Me ya sa za a fara daga gida?

Yaro ba ya riƙe labarin da ba shi da wurin da zai jingina shi. Idan ka ce masa an yi taro a birnin Balin na Jamus a 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon Afirka, zai rubuta, ya ci jarrabawa, ya manta. Amma idan ka ce masa rundunar da ta ci Sakkwato ta yada zango a Shagari, garin da yake ratsawa duk lokacin da aka tafi da shi birni, to ka ɗaure labarin da igiyar da ba ta tsinkewa.

Sauran al'ummu sun daɗe da gane wannan. Amurkawa suna kai yaransu ƙauyukan Lexington da Concord su nuna musu inda aka fara harbi a watan Afrilu 1775, a yaƙin da ya raba su da Ingila. Mutanen Aljeriya suna fara labarin yaƙinsu da Faransa na 1954 zuwa 1962 daga duwatsun Auras. A Libiya kowane yaro ya san Umar Mukhtar, malamin zawiya wanda Italiya ta rataye ranar 16 ga Satumba, 1931. Mu ma muna da namu filayen da namu mazajen, kuma mafi yawansu tafiyar yini guda ce ko ƙasa da haka daga ƙofar makarantunmu.

Ƙasarmu kafin zuwan Nasara

Ina fara darasin ne da zana taswira a allo. Sakkwato a sama, Tambuwal kusan kilomita 100 a kudu maso yamma, Shagari a tsakaninsu, Gwandu da Argungu ta yamma, Kebbe a kwarin Gulbin Zamfara tsakanin Gummi da Jega. Wannan ɗan yanki shi ne zuciyar labarin tun farkonsa. A ƙasar Jega ne garin Gimbana yake, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa. Harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai wa Gimbana a ƙarshen 1803, da kama mutanenta da aka yi, shi ne ya kai ga hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Daga nan aka yi yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, aka ci Birnin Kabi a 1805, kuma Shehu ya zauna a Gwandu, sa'annan Sifawa, kafin ya koma Sakkwato inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1817.

Tambuwal kuwa ribaɗi ce, wato garin tsaron iyaka, wanda aka danƙa wa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami kuma mawaƙi da harshen Larabci, kuma zuriyarsa ce ta ci gaba da sarautar garin. Ya kamata yaro ya fahimci ma'anar ribaɗi da kyau: gari ne mai ganuwa wanda mutanensa ke noma da karatu, amma kullum dawakinsu na ɗaure da shiri. Dalili kuwa shi ne Kabawa ba su taɓa miƙa wuya gaba ɗaya ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ta da tutar tawaye a Argungu, kuma daga lokacin aka shiga shekaru hamsin na kai hari da ramuwa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883, abin ya ƙara tsanani, har Sarkin Musulmi Abdurrahman ya fita da kansa da babbar runduna a farkon shekarun 1890, bai kuma iya cin Argungu ba.

Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ya faru a 1903 ba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke yammacin ƙasarmu ta girmi zuwan Bature da rabin ƙarni.

Yadda aka kewaye Daular

Turawa ba da bindiga suka fara sallama ba. Matafiyi Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Shagari zuwa Gwandu a 1853 yana rubuta sunayen garuruwa da rijiyoyi da kasuwanni. A 1885 Joseph Thomson ya zo da takardun yarjejeniya a madadin kamfanin ciniki na Ingila, wanda ya zama Kamfanin Neja mai izinin sarauta a 1886. Abin da sarakunanmu suka ɗauka amana ce ta fatauci, irin wadda shari'a ta yarda a ba baƙo, shi kamfanin ya kai Turai a matsayin shaidar mallakar ƙasa.

A 1897 sojan kamfanin suka ci Bida da Ilori. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka shata iyaka da da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ba tare da wani mutumin Sakkwato ya sani ba. A 1899 ayarin Faransawa na Voulet da Chanoine ya bi ta arewa yana ƙone garuruwa, ya yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Ranar 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya shelanta cewa Arewa duka tana ƙarƙashin kariyar gwamnatinsa. Sai aka shiga cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bida a farkon 1901, Yola a Satumba 1901, Bauci a Fabrairu 1902, sa'annan Zariya. A cikin 1902 ɗin sojan Ingila suka kafa sansani a Argungu da yardar Sarkin Kabi Sama'ila.

A watan Oktoba 1902 abubuwa biyu suka auku. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi, abin da Lugga ya riƙe hujjar yaƙi. Kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku. Wata biyar kacal ya yi a kan gado kafin yaƙi ya iso ƙofar gidansa.

Shagari da Giginya

Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu yake kan hanyar dawowa daga Sakkwato. A ƙarshen watan aka gwabza a kusa da Kwatarkwashi, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada. Daga Ƙauran Namoda rundunar Janar Kemball da Kanar Morland ta nufo yamma. Ba ta miƙe kai tsaye zuwa Sakkwato ba. Sai da ta gangaro Shagari, inda ta haɗu da sojan Kyaftin Merrick kimanin 200 waɗanda suka taso daga Argungu, sa'annan suka fuskanci birnin ta kudu.

A nan nakan dakata in sa yara su duba taswirar. Shagari maƙwabciyar Tambuwal ce. Ma'ana, a kwanakin Babbar Sallar shekarar 1320 bayan hijira, rundunar da za ta rushe Daular Usmaniyya tana tsakanin garuruwanmu da fadar Sarkin Musulmi, ta datse hanyar da ke haɗa mu da shi. Ribaɗin da aka gina domin tsare iyakar yamma ya wayi gari maƙiyi ya wuce ta bayansa.

Ranar Lahadi 15 ga Maris, 1903, aka haɗu a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Sojan Turawa ba su kai dubu ɗaya ba, hafsoshinsu farare kimanin 25 ne, sauran duka baƙar fata ne, da yawansu Hausawa da Yarabawa. Amma suna da bindiga mai ruwa guda huɗu da igwa guda huɗu, kuma sun tsaya a sahu mai kusurwa huɗu wanda doki ba ya iya kusantarsa. Mutanenmu kuwa takobi ne da mashi da kibiya da 'yan bindigogin toka. Faɗan bai kai awa biyu ba. Turawa sun ƙiyasta waɗanda suka faɗi a ɓangaren Sakkwato tsakanin 70 zuwa 100. Waɗanda suka fi tsayuwa su ne masu riƙe da tutar Sarkin Musulmi: duk wanda ya faɗi sai wani ya ɗauka, har suka ƙare a gindinta. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Shekara huɗu da rabi kafin wannan, ranar 2 ga Satumba, 1898, irin haka ta faru ga Ansaru na Sudan a Karari kusa da Umdurman, inda aka kashe fiye da mutum dubu goma a safiya guda. Ina kawo wannan ne domin yaro ya gane cewa abin da ya karya Sakkwato ya karya waɗanda suka fi ta yawan mayaƙa, kuma jarumtaka ba ta tsayar da harsashi. Al'ummar da ta bari aka yi mata nisa a ilimin ƙere-ƙere da tsarin soja, za ta biya farashinsa da jinin mafi alherin 'ya'yanta.

Mai hijira da mai zama

Bayan Giginya jama'a ta rabu biyu, kuma wannan rabuwa ita ce tsokar darasin. Tun kafin yaƙin malamai sun yi muhawara a kan abu uku: a yi yaƙi, ko a yi hijira, ko a yi sulhu. Masu ra'ayin hijira sun dogara da aya ta 97 a Suratun Nisa'i, da littafin Shehu mai suna Bayanu Wujubil Hijra na 1806, da kuma tsohon zancen da ke yawo cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta ƙaura gabas ta tarbi Mahadi. Zancen ya yi ƙarfi tun a shekarun 1880, har Maryamu 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa lokacin tafiyar bai yi ba.

Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira. Ya nufi gabas ta ƙasar Zamfara, ya ratsa tsakanin Kano da Zariya, talakawa da malamai da sarakuna suna barin gonaki da gidaje suna bin sa dubbai, abin da ya firgita Turawa fiye da yaƙin Giginya kansa. Suka bi shi har Burmi, kusa da kogin Gongola a Jihar Gombe ta yau. Ranar 13 ga Mayu mutanen Burmi suka kori Kyaftin Sword. Ranar Litinin 27 ga Yuli, 1903, aka dawo da babbar runduna, aka wuni ana faɗa, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da fiye da mutum 600, cikinsu har Magajin Keffi. Shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, shi ma kibiya ta kashe shi a ranar. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, kuma garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu sunansa ya ci.

Waziri Muhammadu Buhari, jikan Giɗaɗo da Nana Asma'u, ya zaɓi zama. Ya tsaya a Marnona da tarin mata da yara da tsofaffi waɗanda ba su da guzuri ko abin hawa, ya shawarci malamai, sa'annan ya koma birni. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tabbatar da naɗin Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, ya kuma bayyana cewa ikon naɗa sarakuna da tuɓe su da sanya haraji ya koma hannun Ingila, amma ba za a hana salla ba, ba za a taɓa masallatai ba. Zuciyar Waziri ba ta kwanta ba, sai da Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu ya rubuto masa hujjoji cewa idan kowa ya tafi, ƙasar za ta zama kango babu mai tsayar da addini a cikinta, kuma shari'a ta halatta lallashin mai rinjaye da harshe matuƙar zuciya na kan imani, bisa aya ta 28 a Suratu Ali Imrana. Waziri ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana uzurinsa da tsoron da ya ji wa kansa.

A nan ɗalibai sukan tambaya: "Malam, to wa ke da gaskiya?" Amsar da nake ba su ita ce dukansu malamai ne da suka yi ijtihadi a cikin musiba, kowa da nassinsa da abin da ya hango. Jinin Attahiru ya bar mana shaidar cewa ba a karɓi ƙasar nan kyauta ba. Haƙurin Waziri ya bar mana alƙalai da makarantun allo da zaurukan ilimi da ɗakunan littattafai waɗanda da an watse da sun salwanta. Mu mutanen Tambuwal da Kebbe kuwa, tunda ga mu a nan, mafi yawanmu jikokin waɗanda suka zauna ne. Bai dace yaro ya tashi yana zagin kakansa da sunan kishin addini ba, kuma bai dace ya raina wanda ya bar komai ya tafi ba.

Ina kuma gargaɗin malamai su rarrabe wa yara sunaye, domin suna rikita su. Buhari uku ne a labarin: ɗan Shehu na Tambuwal, da ɗan Abdussalami wanda ya kafa Jega, da Waziri. Attahiru biyu ne: na Burmi, da wanda aka naɗa bayansa.

Satiru

Shekara uku bayan haka wuta ta sake tashi, a wannan karon daga talakawa. Satiru ƙauye ne kimanin kilomita 22 kudu da Sakkwato, tsakanin ƙasashen Danchadi da Dange da Shuni da Boɗinga. A 1904 wani malami a garin ya yi da'awar shi ne Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani malami makaho, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya iso daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun murƙushe tawayen da ya shiga a can. Garin ya cika da manoma matalauta da bayin da suka gudo daga iyayen gijinsu.

Ranar 13 ga Fabrairu Satirawa suka auka wa maƙwabtansu na Tsomau waɗanda suka ƙi bin su, suka kashe mutane. Washegari, Laraba 14 ga Fabrairu, 1906, muƙaddashin Razdan Hillary ya fita da sojan doki domin kama shugabanninsu. Mutanen da makamansu gatura ne da fartanya da baka suka tarwatsa rundunar, suka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da soja 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Tun zuwan Turawa Arewa ba a taɓa yi musu irin wannan kaye ba.

Sarkin Musulmi Attahiru na biyu da manyan fadarsa suka tsaya tare da Turawa. Ranar 10 ga Maris aka dawo da soja daga nesa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara wajen 3,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a cikinsa. An yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. An tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Basharu bisa zargin ya karkata ga masu tawayen. Kisan ya yi munin da har a ofishin mulkin mallaka na Landan wasu suka nuna ƙyama, cikinsu da Winston Churchill wanda yake ƙaramin minista a lokacin. A watan Afrilu aka ci Haɗeja aka kashe Sarki Muhammadu, daga nan yaƙin fito-na-fito ya ƙare a ƙasar Hausa ta ɓangaren Ingila.

Satiru ita ce wuri mafi santsi ga malami. Wajibi ne ya faɗi abu biyu tare: kisan da aka yi musu zalunci ne da ya wuce kowane haddi, kuma da'awar Mahadiyyar da aka tara su a kanta ba ta da tushe, ta kuma fara ne da zubar da jinin Musulmi maƙwabta. Wanda ya faɗi ɗaya ya ɓoye ɗaya ya ha'inci ɗalibinsa.

Tambayoyi masu nauyi

Akwai abubuwan da muke jin nauyin faɗa, alhali yaro zai ji su a wani wuri. Na farko, waɗanda suka harba bindiga a Giginya da Burmi da Satiru mafi yawansu 'yan ƙasa ne masu karɓar albashi. Na biyu, Kabawan Argungu sun ga Turawa a matsayin mafita daga yaƙin shekara hamsin, kuma a ajinmu akwai jikokin Kabawa da Gimbanawa da Zamfarawa da Fulani zaune a tabarma ɗaya. Idan malami ya mayar da darasin gasar gori tsakanin ƙabilu, ya rushe abin da ya zo ginawa. Na uku, akwai bauta a Daular, kuma dokar Lugga ta 1901 da ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ta sa dubban bayi sun kalli sauyin da wani ido daban da na iyayen gijinsu. Shehu Abdullahi na Gwandu da kansa ya koka tun farkon jihadi a kan yadda son duniya da tara dukiya suka shiga zukatan wasu, kamar yadda yake a Tazyinul Waraƙat. Faɗin wannan ba cin mutuncin magabata ba ne, bin sawunsu ne wajen gaskiya.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne halin da muka shiga. Tun daga 2009 mun ga yadda wata ƙungiya a Arewa maso Gabas ta ɗauki kalmomin hijira da jihadi da sunan Shehu ta halatta jinin Musulmi da su. A ƙarshen 2024 hukumomin tsaro suka bayyana ɓullar Lakurawa a iyakar Sakkwato da Kabi. Yaron da ya san cewa manyan malaman 1903 sun yi saɓani da hujja da ladabi, kuma ya san abin da ya sami Tsomau da Satiru, ba zai zama ganima mai sauƙi ga mai wa'azin bindiga ba.

Yadda nake tsara darasin

Nakan raba shi mako shida, rabin awa a ƙarshen darasin Sira, ga 'yan aji na sama. Makon farko taswira da ma'anar ribaɗi. Na biyu daga Gimbana zuwa Argungu. Na uku Shagari da Giginya. Na huɗu nakan raba ajin biyu, sashe ya kare ra'ayin hijira, sashe ya kare ra'ayin zama, da sharaɗin kowa ya kawo hujjar ɗaya ɓangaren kafin tasa. Na biyar Satiru. Na shida kowa ya karanto abin da ya samo a gida.

Aikin gidan shi ne kowane ɗalibi ya je wurin mafi tsufa a gidansu, ya gaishe shi, ya ce: "Baba, daga ina kakanninmu suka zo garin nan? Me kuka ji daga manya game da zuwan Nasara, da haraji da jangali da aikin tilas? Akwai wani namu da ya tafi gabas bai dawo ba?" 'Yan mata su tambayi kakanninsu mata, domin sau da yawa tsofaffin mata sun fi riƙe salsala da waƙoƙi. A rubuta sunan mai ba da labari, da wanda shi ya ji daga gare shi. Mu da muka karanta Musɗalahul Hadisi bai kamata a koya mana darajar isnadi ba. Nakan ce su raba abin da suka samo gida uku: abin da ya dace da rubutaccen tarihi, da abin da ya ƙara haske a kansa, da abin da ya saɓa masa, wanda za a ajiye a ci gaba da bincike.

Malamin da ke son ƙarin karatu zai amfana da rubuce-rubucen Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, da littafin Murray Last na 1967 kan Daular Sakkwato, da na Farfesa Adeleye na 1971 kan yadda Turawa suka ci ta. Wanda ya sami hali ya kai ɗalibansa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da Hubbaren Shehu a Sakkwato, su tsaya a Shagari a hanya, su ga unguwar Giginya da idonsu.

Daga 1906 zuwa 1960

Kada a rufe darasin a kan gawawwaki. Bayan takobi ya koma kube, gwagwarmayar ta koma ga alƙalami da harshe. Malamai sun yi ta waƙoƙin wa'azi da ajami suna gargaɗi a kan halin zamanin Nasara. Daga baya 'ya'yan da suka haɗa karatun allo da na boko suka karɓi aikin: Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da Sardauna Ahmadu Bello, jikan jikan Shehu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga garin Shagari ɗin nan da rundunar Morland ta yada zango aka haifi Shehu Shagari a 1925, malamin makaranta wanda aka zaɓa zuwa majalisar tarayya a 1954, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1979. A shekarar 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku tutar Attahiru da Turawa suka ɗauke. Tsakanin Giginya da saukar da tutar Ingila shekara 57 ce, wato akwai dattawan da suka ga farkon abin suna yara, suka ga ƙarshensa da furfura.

Kammalawa

Ya 'yan'uwana malamai, waɗanda suka ga 1903 da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma waɗanda suka ji daga bakinsu kai tsaye suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Duk dattijon da aka kai makwanci ba a tambaye shi ba, an binne wani shafi na tarihin Tambuwal da Kebbe tare da shi. Aikin ba ya bukatar kuɗi ko izinin kowa: allo ne da alli, da littafin rubutu na ɗalibi, da malamin da ya yi muɗala'a kafin ya shiga aji. Ina roƙon duk wanda ya jarraba wannan tsari a makarantarsa ya adana abin da yaransa suka rubuto, domin wata rana a haɗa na Dogon Daji da na Sanyinna da na Jabo da na Kuchi wuri guda, ya zama littafin da 'yan baya za su karanta.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da shahidan Giginya da Burmi, Ya jiƙan Waziri Buhari da malaman da suka zauna suka riƙe amana, Ya gafarta wa duk Musulmin da ya rasa ransa a waccan fitina. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shiryi zuriyarmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.